Kiwon Hammadu Direba

Litinin, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana uku ke nan da ɗauke sabis. Wayata ta koma agogo da tocila. Na sayi wannan littafin ne don yatsuna sun saba da rubutu tun asuba, yanzu sai ƙaiƙayi suke yi. An rufe makarantar da nake koyar da Turanci, an rufe kasuwanni, man fetur ma sai an san ka. Kaura ta yi tsit, alhali mutane ƙaruwa suke yi, kullum sai ka ga baƙuwar fuska daga ƙauye da tabarma a ka.

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyar Bawa, mijin Yaya Kulu. Tafiya nake kiranta, don ɗaya kalmar ba ta shiga bakina. Ranar Alhamis da hantsi ya hau babur zai je Dauran duba geronsa, da azahar aka kawo hularsa. Mutanen dajin sun kira sau biyu kafin a ɗauke sabis, har an ji muryarsa. Daga nan shiru.

Ni dai kullum bayan magariba ina gidan. Tun da muka baro Galadi ba ni da kowa sai Kulu. Ita ta goya ni, kuma har gobe in na shiga sai ta duba wuyan rigata ta ce na ƙi aure na ƙi wanki.

Talata, 7 ga Satumba, da hantsi

Jiya Zuwaira ƙanwar Bawa ta tare ni a zaure da wasu takardu a leda. Aikin jarida take karantawa, shekarar ƙarshe. Malaminta ya ba ta wata takardar Turawa mai shafi goma sha biyar, ya ce da ita za ta gina babi na biyu na furojet ɗinta. Ta ce sau uku ta karanta, abin da ta gane kawai shekarar da aka buga ta. Da akwai sabis da waya za ta tambaya, yanzu sai ni. Ta ce ba wai karatun take sha'awa ba, amma in ta zauna haka nan tunani zai kashe ta.

Na karɓa da fankama, na ce mata Turanci ai gonata ce. Da na zo ɗaki na duba, kan takardar kaɗai layi uku ne. Na bi shi kalma-kalma har ya warware: yadda masu mulki ke ɗaukar mutane aiki a ɓoye, su riƙa zuba sharhi a shafukan sada zumunta kamar talakawa ne ke faɗin ra'ayinsu.

Na mayar da ita cikin ledar, da gari ya waye na fita na zauna bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa har rana ta kore ni.

Laraba, 8 ga Satumba, azahar

Babu sabis. Ban buɗe ledar ba.

Alhamis, 9 ga Satumba, da safe

Na buɗe. Mutum uku suka haɗu suka rubuta ta, duk farfesoshi, kuma na rantse ba sa son a gane. Jimla ɗaya sai ta ci layi bakwai, kafin ka kai ƙarshe ka manta wanda ya yi aikin. Ba sa taɓa cewa abu ya faru, sai dai wai akwai alamun da ke iya nuna yiwuwar ya faru. Da ɗalibina ne ya yi mini irin wannan rubutu, gwiwa zai sa a rana.

Akwai wata kalma da ta sha mini kai. Tsohon ƙamusuna ya ce ciyawar roba ce da ake shimfiɗawa a filin ƙwallo. Na yi ta neman abin da ya kawo ƙwallo cikin zancen mulki, sai a shafi na uku na gane. Daga nesa za ka ga kore shar kamar da kanta ta tsiro, ashe wani ne ya sayo ya shimfiɗa. Wai haka taron masu sharhin yake. To, a nan sun yi kai, na ba su.

Da yamma zan kai mata shafi ukun farko.

Juma'a, 10 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Jiya mun zauna a zaure, ina warwarewa tana rubutawa. Inna, mahaifiyar su Bawa, ta zo wucewa, Zuwaira ta gaishe ta, ko kallo ba ta samu ba. Tun Alhamis ɗin da Bawa ya tafi Inna ba ta kira sunanta ba. In tana son abu sai ta ce wa Kulu a gaya wa waccan.

Kowa a gidan ya san dalili. Da safen ranar an sa labari a wani shafi cewa an tare hanyar Dauran. Bawa ajami kaɗai yake karantawa, sai ya miƙa wa Zuwaira waya ta karanta masa abin da mutane ke cewa a ƙasan labarin. Mutum tara suka ce ƙarya ne, aikin masu tada hankalin jama'a ne. A cikinsu har da wani Hammadu Direba, ya ce yanzun nan ya wuce da motarsa cike da fasinja, ko akuya bai gani a hanya ba. Bawa ya ce ai maganar direba ita ce magana, ya tada babur.

Zuwaira ta ajiye biro, ta ce, "Malam Labbo, ni nik karanta mai. Da bakina. Da na yi shiru da yanzu shina nan."

Na ce mata ƙaddara ce. Da murya mai daɗi na faɗa, irin ta masu wa'azi.

Bari in rubuta sau ɗaya a nan, ba zan sake ba. Hammadu Direba bai wuce ko'ina ba. Yana zaune kan katifata a nan Kaura da kofin shayi a gabansa. Shi da sauran takwas ɗin duk a cikin wayoyina biyu suke kwana. Ni ne su, shekara ɗaya da rabi ke nan. Armiya'u, abokin karatuna, ke turo abin da za a ce, shi ma daga sama ake turo masa. Na gwamnati ne, in ji shi, ban taɓa tambayar wane ofis ba, tunda ana sa mini data ana ba ni na cefane. Saƙon ranar cewa ya yi a kwantar da hankalin jama'a. Na kwantar.

Kulu ta ɗauka darasi nake yi wa yara ta waya. In ta san gaskiya, ban san gidan da zan yi sallama a amsa mini a garin nan ba. Tsoro nake ji.

Asabar, 11 ga Satumba, magariba

Shiru. Na ci tuwo, na yaba miya. Kulu ta rame.

Litinin, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Shafi na biyar da na shida. Layi goma sha ɗaya suka ɓata don su faɗi abin da yaron makaranta zai faɗa a layi biyu: masu wannan aiki ba sa jayayya. In an kawo labarin da ba a so, ba sa tsayawa musu da hujja, yabo suke barkewa da shi, ko su yi addu'a, ko su jawo wani zance har a manta na farko. Zuwaira ta ce wallahi haka ne, ta sha ganin ana maganar an kashe mutane sai ka ga wasu sun cika wurin da zancen sabuwar kwalta. Na ce ikon Allah, kamar yau na fara ji.

Sun kuma ce yawancin masu aikin matasa ne da suka yi karatu ba su samu madafa ba, kuma rubutunsu maras inganci ne, maimaici ne. Wannan ta ƙona mini rai fiye da duk sauran. Ni da nake ba kowane suna irin maganarsa, Hajiyar cikinsu da addu'arta, ɗalibin da gatsalinsa? Ina tafe gida ina raya musu amsa a zuci, sai na tuna abin da nake karewa. Na ji kunyar kaina a tsakiyar titi.

Laraba, 15 ga Satumba, da hantsi

Na haɗu da Armiya'u wajen mai shayi. Ya yi ƙiba. Ya ce duk mako yana fita Zariya inda akwai sabis, aiki bai tsaya ba, yanzu ma ake buƙatarsa. Ya ce in ba zan iya tafiya ba in ba shi layukan wayoyina ya riƙa ciyar da sunayen, kada su mutu.

Na ja shi gefe na gaya masa zancen Bawa. Ya yi salati, ya jajanta sosai, har ya riƙe hannuna. Sannan ya ce ai ni ban tura kowa ba, kowa da ƙafarsa ya fita, kuma wa ya ce mutum mai hankali ya yarda da maganar waya? Shekara ɗaya da rabi muna aiki don a yarda da maganar waya.

Ban ba shi layukan ba. Ban kuma karya su ba, kada in yi wa kaina ƙarya.

Alhamis, 16 ga Satumba, azahar

Shafi na tara. Nan suka bayyana yadda ake kama mu. Mutanen gaske jefi-jefi suke zuwa, wani da safe, wani da rana. Na haya kuwa a dunƙule suke sauka cikin 'yan mintoci, saboda umarni lokaci ɗaya yake iso musu, ko kuma hannu ɗaya ne ke sauya riga. Har da zanen da ya nuna haka.

Zuwaira tana da hoton sharhin ranar a wayarta, ta ɗauka ta ajiye, ta ce kullum sai ta duba. Na san abin da ke ciki ba sai na gani ba: sunaye tara cikin minti shida. Sauri nake yi shayina kada ya huce.

Na ce mata shafi na tara lissafi ne zalla, ba ruwan babi na biyu da shi, mu wuce. Ta ce to, Malam. Tunda na fara koyarwa ban taɓa karkatar da fassara da gangan ba sai yau.

Juma'a, 17 ga Satumba, da safe

Babu sabis. Na yi mafarkin Galadi, ban ga kowa a ciki ba.

Asabar, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na je Shinkafi na dawo. An ce akwai wani tudu bayan gari inda sabis ɗin Nijar ke leƙowa, Kulu ta rubuto mini lambar da aka kira su da ita, ta ce in gwada, ni ne namijin da ya rage mata.

Kafin in shiga mota sai da na tambayi direba uku a tasha, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon idonsu. Na farko ya ce Allah ne gatanmu. Na biyu ya ce jiya lafiya, yau bai sani ba. Na uku ya ce in ina da inda zan fasa in fasa. Babu wanda ya ce ko akuya bai gani ba. Direban gaske ba ya magana haka, sai yau na lura. Muka jira rakiyar sojoji, muka tafi a jere, ba mai tari a motar har muka wuce Moriki.

Kan tudun mutane sun fi ɗari, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na sayi layin Nijar wajen wani mutum, na kira sau goma sha huɗu, lambar a kashe. Sai na yi abin da ba shi aka aiko ni ba, na buɗe shafin Hammadu. Sharhin yana nan. A ƙasansa wata mata ta rubuta, tun ranar, Allah ya saka da alheri direba, ka kwantar mana da hankali. Ban san ta ba, ban san ko ta bi hanyar ba.

Na goge sharhin. Ban ji sauƙin komai ba.

Na ce wa Kulu lamba ba ta shiga. Ta ce sannu da hanya, ta ƙara mini nama a miya, naman da ban san inda ta samo ba.

Lahadi, 19 ga Satumba, la'asar

Ruwa ya sauka tun safe. Geron Bawa ya isa girbi, ba mai zuwa.

Talata, 21 ga Satumba, da yamma

Shafi na goma sha ɗaya. Akwai jimlar da na yi awa guda a kanta, ba don wuya kaɗai ba. Da na cire mata duk rigunan da suka jibga mata, ga abin da ya rage: binciken nan ba zai iya tabbatar da cewa irin wannan sharhi ya taɓa sa wani ya aikata abin da da ba zai aikata ba.

Na karanta ta sau biyar. Farfesa uku! Na ji kamar an ba ni takardar sallama daga kotu. Na kai wa Zuwaira ina ɗoki, na warware mata a hankali, har na maimaita, wai don ta ji sanyi ita ma.

Ta dube ni ta ce, "To su zo Kaura su tambaye ni."

Ta rubuta jimlar yadda na faɗa, ta ja layi a ƙasa, ta sa alamar tambaya babba a gefe. Yarinyar nan ta fi su ilimi, ta fi ni.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Yau aiki ya yi daɗi, Allah ya yafe mini. Shafi na goma sha biyu yana magana kan yadda ake sa sunan ƙarya ya yi kama da na gaske, amma sun yi shi sama-sama, ka san ba su taɓa yi ba. Zuwaira ta ce ba ta gane ba. Bakina ya buɗe.

Na ce mata suna kiwonsa ake yi kamar ragon layya. Ba ranar da ka buɗe shi za ka sa shi aiki ba. Wata uku yana gaisuwar Juma'a, yana ta'aziyya, yana taya murnar haihuwa, har ya yi ƙorafin wuta ko tsadar taki don a ce ba ɗan koren kowa ba ne. Kuma a kowane garke dole a samu mai sana'ar da ke gani da ido, ma'aikaciyar asibiti, ko ɗan kasuwa, ko direba. In direba ne sai ka je tasha ka ɗauki hoton motar wani ta gefe, inda lamba ba ta fito ba, ka riƙa sa masa hoton hanya lokaci-lokaci. Ranar da ake buƙatar shaida, shi za ka fitar, kuma ba shi ne zai fara magana ba, na huɗu ko na biyar.

Tana ta rubutu da sauri. Ta ce yau ta ji karatu. Na taso ina jin kaina malami, har na sayi rake a hanya.

Juma'a, 24 ga Satumba, azahar

An ce wata mai tallar nono ta kawo saƙo a rubuce daga daji. Bawa yana da rai. Kulu ta yi sujada a tsakar gida. Dattawa sun shiga shawara.

Asabar, 25 ga Satumba, magariba

Malamin Zuwaira yana da doka. Duk maganar da ta shiga furojet sai an sa lambar shafin da aka ɗauko ta, in babu ya ja mata jan biro. Na san dokar, ni ma na yi furojet, amma ban tuna ba. Jiya wuni ta yi tana bin abin da na faɗa mata layi-layi tana nema masa gurbi a takardar. Komai ya samu. Har shafi na tara da na ce lissafi ne ta tsaya a kan zanen, ta ga mintoci, ta ɗauko hoton wayarta ta ƙirga da kanta.

Da na zo zaure ta riga ta shimfiɗa takardun. Ba ta gaishe ni da tsokanar da ta saba ba.

"Malam Labbo, wanga zance na kiwon suna, da gaisuwar Juma'a, da hoton mota ta gefe. A wane shafi yake?"

Na ɗauki takardar ina juyawa. Na ce kila cikin ƙananan rubutun ƙasa ne. Ta ce ta duba su duka, kalmar direba ma ba ta cikin takardar daga farko har ƙarshe. Na ce to sani ne kawai irin na mai yawan karatu. Ta ce ta ƙirga, Hammadu shi ne na biyar. Ta ce wayoyi biyu gare ni, kuma Yaya Kulu ta sha yabona wai tun asuba nake darasi, wane yaro ne ke ɗaukar darasi da asuba?

Na ajiye takardar a gabanta.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tattara takardunta ta sa a leda, ta ce, "Wata guda ina kwana da wanga abu, kana zaune gabana kana ce min ƙaddara. Ba ni hwaɗa ma kowa, Malam. Bakina ya yi aikin da ya ishe shi."

Ban tsaya cin tuwo ba.

Lahadi, 26 ga Satumba, hantsi

Ban fita ba.

Litinin, 27 ga Satumba, la'asar

Ban fita ba sai masallaci. Garin kwaki da sukari. Sunaye tara a ƙarƙashin filo, babu wanda zai ce mini sannu.

Laraba, 29 ga Satumba, azahar

Kulu ta zo da kanta. Tunda na kama ɗakin nan ba ta taɓa takowa ba, yau ga ta da hijabi da kwano a hannu, ta ratsa gari a ƙafa. Ta ɗauka zazzaɓi ne. Ta taɓa goshina, ta share ɗakin, ta yi mini faɗan gizo-gizo. Ta ce gidan ya yi mata faɗi, miji ba ya nan, Inna ba ta magana da Zuwaira, Zuwaira ta daina cin abinci, ni ma in ɗauke ƙafa? Ta ce in na yi mata haka ta ga ta kanta.

Na buɗe baki sau biyu. Na farko na ce miyar ta yi daɗi. Na biyu na ce ta gaida gida.

Da Zuwaira ta tona ni da an gama. Ta bar mini shi a hannu, ita kuma tana can ana kiranta waccan.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Na faɗa.

Daga masallaci na wuce gidan. Na ce ina son Inna da Yaya Kulu su zauna, Zuwaira ma ta fito. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna. Na yi niyyar in fara da yadda aiki ya yi wuya, da yadda Armiya'u ya ja ni, sai na ji na kama hanyar farfesoshin nan, layi bakwai kafin a ga wanda ya yi aikin. Na bari. Na ce mutum taran da Zuwaira ta karanta wa Bawa ba mutane ba ne, ni ne. Direban ma ni ne. Ina ɗakina na rubuta, ban ga hanya ba, biyana aka yi.

Inna ba ta gane da farko ba, ta ce yaya mutum ɗaya zai zama tara. Sai da na fito da wayoyin na nuna mata. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Zuwaira, zo nan." Ta kama hannunta ta zaunar da ita kan tabarmarta, ba ta sake shi ba har na bar gidan. A nan ne Zuwaira ta yi kukan.

Kulu tana tsaye jikin turmi. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ka san duk Alhamis shina bin hanyar nan?"

Na ce na sani. Na ce ban tuna ba.

"Tashi ka tahi, Labbo. In Allah ya maido shi, kai za ka hwaɗa mai da bakinka. Mu ba mu yi maka wanga aiki."

Asabar, 2 ga Oktoba, da safe

An ce sabis ya dawo Gusau. Mu babu. Na karya layukan, na zuba su a masai. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda abin ya amfana.

Talata, 5 ga Oktoba, magariba

Na bi ta bakin layinsu, ban shiga ba. Ana daka a ciki.

Alhamis, 7 ga Oktoba, azahar

Bawa ya dawo. A bakin mai shayi na ji, kamar kowane baƙo. An sayar da abin da aka sayar, an kai abin da aka kai, ba a gaya mini ba tunda ba na cikin masu shawara yanzu. An ce ta wajen Zurmi aka sako shi, wasu masu itace suka ɗauko shi a amalanke. An ce ƙafafunsa sun kumbura.

Na yi hamdala har na yi hawaye. Bayan haka sai na tuna maganar Kulu, cewa ni zan faɗa masa da bakina.

Asabar, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Liman ya ce mini a masallaci Bawa yana nemana. Na je bayan azahar.

Yana kwance a ɗakinsa, ya koma rabin kansa, gemu duk furfura. Kulu na zaune wajen ƙafafunsa tana shafa masa man kaɗanya, ba ta ɗago ba. Na gane ba su gaya masa ba tun daga yadda ya miƙo mini hannu biyu. Ya yi mini godiyar zuwa Shinkafi, ya ce an ba shi labari, ya ce ɗan'uwa ya fi haka? Ya tambayi makaranta. Sannan ya jawo ni kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Labbo, kai ka san kan waya. In sabis ya dawo ka bincika min wani bawan Allah, Hammadu Direba. Can daji duk wanda anka kawo sai na tambaye shi ko ya san shi. Na ce kila bindiga anka sa mai a kai yar rubuta abin nan. Ko rana guda ban cire shi cikin addu'a ba. In shina da iyali, a gaishe su."

Na dubi Kulu. Hannunta ya tsaya a kan ƙafarsa, amma ba ta dube ni ba.

Na ce masa ba sai sabis ya dawo ba. Na ce Hammadu bai taɓa riƙe sitiyari ba, ba a sa masa bindiga ba, ga shi durƙushe a gabanka. Na faɗi sauran kamar yadda na faɗa wa Inna, ban rage ba.

Bai saki hannuna nan da nan ba. A hankali ya zare nasa, ya ɗora a ƙirji, yana kallon rufin ɗaki. Can ya ce wa Kulu ta taimaka ta juya shi, wannan gefen ya gaji. Ta juya shi wajen bango.

Na zauna a wurin har aka kira la'asar. Ba wanda ya ce in tashi, ba wanda ya ce in zauna.